Mai inci 20 ko kuruza mai inci 24: wanne ya dace da babban da zai fara tseren BMX?

Ina da shekara 41 na fara tsayawa a bayan ƙofar tashi ta filin tseren BMX, wato tseren ƙananan kekuna a kan tuddai, kuma ɗana ne ya ja ni. Kusan shekara guda ina kai shi atisaye kowace Asabar a wani kulob da ke Manchesta, ina tsaye a bakin shinge hannuwa cikin aljihu saboda sanyi, har ranar da mai horar da su ya ce akwai kekunan aro na manya a kwantena idan ina sha'awar gwadawa. Ya turo mini guda biyu. Ɗaya tayoyinsa inci 20 ne, ɗayan inci 24, wanda suke kira kuruza. Duk babban da ya shigo wannan wasa sai ya tsaya a gaban waɗannan biyun kafin ya fitar da ko sisi. Na hau kowannensu tsawon watanni kafin in sayi nawa, kuma abin da na gano shi ne amsar ba a cikin keken kaɗai take ba. Rabinta tana cikin irin keken da jikin mutum ya koya a kai yana yaro.

Ni a Tudun Wadar Zariya na koyi keke, a kan Raleigh ɗin Baba. Baƙi ne wuluk, mai birkin sanda, sarƙarsa a rufe cikin kwano, da makulli a tayar baya, da fitila mai ɗaukar wuta daga gogar taya. Tayoyinsa inci 28 ne, sirdin kuwa ya kai mini kafaɗa. Saboda haka yadda duk yaran unguwa suke yi na yi: in zura ƙafar dama ta ƙarƙashin sandar tsakiya in taka fedar can ɓangaren, in karkatar da keken gefe guda, ni kuma in rataya a ɗaya gefen. Idan Baba ya kwanta bayan azahar, sai in lallaɓa in ɗauki ɗan makullin daga aljihun rigarsa. Ranar Juma'a da safe aikina ne in goge wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ɗan kananzir. Ranar da kuɗi ya shigo hannu kuma, sai gindin darbejiya wajen mai hayar keke, wanda yake duba agogon hannunsa ya ce, "Yaro, minti goma ne, kada ka wuce masallaci." Kekunan hayar ma yawancinsu manya ne, Phoenix na Sin da Hero na Indiya, duk sun sha faci da walda.

Sa'o'ina da nake karawa da su a nan Ingila ba haka suka taso ba. Kamfanin Raleigh ɗin nan na Nottingham da ya ƙera keken Baba, shi ne ya fitar da Burner a 1982, ƙaramin BMX mai inci 20 da ya cika titunan ƙasar. A kansa suka koyi ɗaga tayar gaba da tsallake katako tun suna 'yan shekara takwas. Idan ɗayansu ya dawo bayan shekara talatin ya hau mai inci 20, gida ya dawo. Ni da na hau, sai na ji kamar an ɗora ni a kan abin da ba ya son tsayawa wuri ɗaya. Jikina ya saba da doguwar taya mai tafiya a natse, wadda take jira ka gama shawara kafin ta juya.

Akwai dalilin da ya sa ma'aunin wasan ya zama inci 20. A kudancin Kalifoniya ta Amurka aka fara shi, ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, lokacin da yara suke kwaikwayon masu tseren babur a filayen ƙasa da kekunansu na Schwinn Sting-Ray, wanda ya fito a 1963 da tayoyi masu inci 20. Keken yara ne tun asali. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin shirya tseren a Amurka, NBL a 1974 da ABA a 1977, waɗanda suka haɗe a 2011 suka zama USA BMX. An yi gasar duniya ta farko a 1982, hukumar kekuna ta duniya UCI ta rungumi wasan a 1993, sannan ya shiga Olamfik a Beijin a 2008, inda Maris Strombergs na Latbiya da Anne-Caroline Chausson ta Faransa suka ɗauki zinare. Shi kuwa kuruza ya samo asali ne daga manyan kekunan yawon bakin teku masu inci 26 da wasu suka fara shiga tsere da su, kafin a rage su zuwa 24 a farkon shekarun 1980. Har yau a Olamfik mai inci 20 kaɗai ake hawa. Kuruza na masu son wasan ne, tun daga tseren kulob har zuwa rukunin masu sha'awa a gasar duniya.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a san abin da za a yi da su. Filin tsere tsawonsa mita 300 zuwa 400 ne. Mutum takwas suke jeruwa a saman tudu, kowa ya jingina tayar gabansa da ƙofar ƙarfe yana tsaye a kan feda. Murya ta yi kira, fitilu su kunnu, ƙofar ta faɗi. Tudun manyan gasa ya kai mita 8, amma na masu sha'awa bai wuce mita 5 ba, a kulob da yawa ma bai kai haka ba. Daga nan sai miƙaƙƙun layuka masu tuddai iri-iri, da lanƙwasa uku, wato kwana, masu gini a karkace kamar bangon ƙwarya. Gwanaye suna gamawa cikin daƙiƙa talatin da 'yan kai. Sabon shiga babba yakan kusa minti guda, ya iso yana haki kamar wanda ya yi gudun kilomita. Ba a zama a sirdi ko sau ɗaya. Gudun kuma ba daga taka feda kaɗai yake zuwa ba: yawancinsa daga danna keken ne a bayan kowane tudu da sassauta masa a gabansa, wato hannu da ƙafa su riƙa dannawa suna saki kamar mai tuƙa lilo a tsaye.

A ƙofar tashi mai inci 20 ne gaba. Ƙaramar taya ba ta da nauyin juyawa, saboda haka taku biyu zuwa uku na farko ta riga ta ɗauki gudu. Mutane da yawa suna zaton giyar ce ta bambanta, amma kusan ɗaya ce. Mai inci 20 yakan zo da haƙora 44 a farantin sarƙa na gaba da 16 a na baya. Raba 44 da 16 ka ninka da 20, ka sami 55. Kuruza kuma yakan zo da 41 da 18, wanda idan ka yi masa lissafin da 24 zai ba ka kusan 54.7. Ke nan zagayen feda ɗaya yana tura kowannensu kimanin mita 4.4. Bambancin yana cikin nauyin tayar da tsawon keken. Sai dai ga sabon shiga wannan ribar ba ta da yawa, domin a watannin farko abin da yake cin ka a ƙofa ba nauyin taya ba ne, rashin iya tsayawa daram a kan feda ne da rashin kama lokacin faɗuwar ƙofar. A nan kuruza ya fi sauƙin daidaitawa. Na yi mako uku ina sauke ƙafa ɗaya a ƙasa a kan mai inci 20, amma a kan kuruza rana ta biyu na tsaya.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne a jerin ƙananan tuddan nan da ke bin juna kusa-kusa, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Babbar taya tana tunkarar tudu a kwance-kwance, tana hawa ba tare da tudun ya buge ta ba, kamar yadda amalanke mai manyan ƙafafu yake wuce ramin da zai tsayar da baro. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ma ta fi tsawo a kuruza. Sannan akwai wani abu da ido ba ya saurin gani. A mai inci 20, cibiyar feda tana sama da layin cibiyoyin tayoyi, domin tsakiyar tayar inci 10 ne daga ƙasa, ita kuwa cibiyar fedar ta haura 11. A kuruza tsakiyar tayar inci 12 ne, cibiyar fedar tana daidai da ita ko ƙasa kaɗan. Shi ya sa a ƙaramin kake jin kana tsaye a bisa keken, a kuruza kuma kake jin kana cikinsa. Wanda yake bisa keke da ɗan motsi kaɗan zai ɗaga gaba, abin da gwani yake nema ke nan. Amma motsi kaɗan ɗin nan ne kuma yake kifar da wanda bai iya ba. Idan ka makara wajen dannawa a kan kuruza, keken zai yi maka uzuri, gudu kawai za ka rasa. Idan ka makara a kan mai inci 20, tudu na gaba zai harba tayar baya sama, nauyinka ya zubo kan hannuwa.

Haka ta faru da ni a wata na biyu. Na shigo layi na uku da gudun da ya fi ƙarfin iyawata a kan mai inci 20, na danna a inda ya kamata in saki. Abin da na tuna shi ne ƙarar haɓar hular kwanon tana gurzar ƙasa, da ɗanɗanon tsakuwa a baki, da ɗana a kaina yana cewa, "Baba, kada ka tashi tukuna, motsa yatsunka in gani." Ban karye ba, amma wuyan hannuna ya yi mako biyar bai daina ciwo ba, ko sujada sai da dabara. Yaro ɗan shekara tara yana irin wannan faɗuwar ya tashi ya karkaɗe jiki. Mai iyali da zai fita aiki ranar Litinin dole ya sa wannan a lissafi, domin wuyan hannu da ƙashin kafaɗa su ne suka fi karyewa a wasan nan.

Wannan sauƙin na kuruza yana da farashinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Keken da yake yafe kuskure yana iya barin ka da kuskuren. Mai inci 20 malami ne mai tsanani: duk abin da ka yi ba daidai ba nan take zai gaya maka, shi ya sa waɗanda suka jure masa suke fin tsabtar hannu bayan shekara guda. Masu horarwa da yawa suna cewa wanda ya iya ƙaramin zai hau kuruza ba wahala, amma wanda ya fara da kuruza sai ya sake koyo idan ya sauko. Na gwada, gaskiya ne. Ɗaga tayar gaba a bi ta kan tuddai biyu da tayar baya kaɗai ya fi sauƙi a ƙaramin. A kuruza sai ka ja da ƙarfi, kuma idan ka kwanta baya sosai babbar tayar tana iya goge maka mazaunai, musamman ga gajeren mutum.

A kwana ba su da nisa da juna. Ƙaramin yana iya yanko kwana ya shige ta ciki a ɗan wuri, kuruza ya fi son ka zana layinka tun daga nesa ka bi shi, ya riƙe maka gudun har fita.

Sai maganar baya da gwiwa. Kan mai inci 20, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, yana da tsayin kusan inci 8 don ya cike gajartar keken, na kuruza 5 zuwa 6, saboda haka tsayin hannu daga ƙasa bai bambanta sosai ba. Duk da haka dogon mutum ya fi samun wurin sakewa a kuruza, kuma girgizar da take isa ƙugu ta fi sauƙi. Wanda ya zaɓi ƙaramin kuma kada ya ɗauka duk girmansu ɗaya. Ana auna su ne da tsawon sandar sama. Na manya suna farawa daga wajen inci 20.5, su bi ta 21 har su haura 21.5 ga dogaye, ana rubuta musu Pro, Pro XL, Pro XXL. Rabin manyan da na ji suna cewa mai inci 20 ya matse su, gajeren firam, wato gangar jikin keken, aka ba su.

Akwai abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba, kuma yana iya juya shawarar gaba ɗaya: su wa za ka tarar a ƙofa? A tsarin USA BMX, masu inci 20 an raba su hawa uku, sabon shiga, matsakaici da gwani, kuma da yawan nasarori ake hawa daga wannan zuwa wancan. A Ingila ma kulob-kulob suna ware tseren sababbin shiga. Rukunin kuruza kuwa bisa shekaru aka fi raba shi. A gasar duniya ta masu sha'awa akwai na 'yan 40 zuwa 44, da 45 zuwa 49, har da na 50 zuwa sama. Jin haka yana da daɗi, sai ka tsaya a ƙofa ka waiga ka ga mai furfurar da ke gefenka tun 1984 yake tsere. Tserena na farko a kuruza ina fitowa daga kwana ta biyu su suna shiga layin ƙarshe. Wanda irin wannan zai karya masa gwiwa, gara ya fara a rukunin sababbin shiga, ya tambayi kulob ɗinsa ko suna barin a shiga da kuruza, domin dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Ni dai abin bai dame ni ba, saboda waɗannan dattawan su ne suka tsaya bayan tsere suka nuna mini inda zan sa tayata a kwana ta farko.

Wajen kuɗi da kayan gyara ƙaramin ya fi arha a zauna da shi. Shi ne ya fi yawa a kasuwar gwanjo, tayoyinsa da tib ɗinsa ko'ina akwai, kuma idan kana da yaro mai tasowa wata rana zai gaje shi. Tayar kuruza ba kowane shago yake ajiye irin ta tsere ba, zaɓin kuma kaɗan ne. A kula da wani tarko: tayoyi iri biyu ne ake kira inci 20, mai rim milimita 406 da mai 451, kuma ba sa shiga wa juna. Na kuruza 507 ne. Firam ɗin alminiyam ya wadatar, na ƙarfen kuromoli ya ɗan fi nauyi amma ya fi laushi a jiki kuma ana iya yi masa walda. Na kabon a bar wa masu neman rage daƙiƙa.

Kuskuren da ya fi duka tsada shi ne sayen BMX ɗin da ba na tsere ba. Akwai na wasan salo, wanda shi ma ya shiga Olamfik a Tokiyo, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Shi gajere ne, mai nauyi, da ƙaramar giya irin 25 da 9, sau da yawa da sandunan ƙarfe a cibiyar tayoyi don gurzar bango. Irinsa ake yawan gani cikin kekunan gwanjo da ake jibgewa a kasuwanninmu na gida, tare da na wasan yara da aka yi wa siffar BMX. Na tsere dogo ne, marar nauyi, birkinsa na baya kaɗai, sirdinsa a ƙasa can, babu kariyar ɗaukar kaya babu madigadi. Wanda yake zaune inda babu filin tsere kusa, kuma yake son keken ya riƙa kai shi masallaci da kasuwa bayan wasa a kan tuddan da suka gina da shebur, kuruza ya fi masa amfani nesa ba kusa ba, domin da dogon sandan sirdi ana iya zama a taka shi.

Ko wanne aka ɗauka, kayan kariya ne farkon saye. Dokar UCI ta wajabta hular kwano mai rufe haɓa, riga mai dogon hannu, dogon wando ko gajere tare da kariyar gwiwa da ƙwauri, da safar hannu mai rufe yatsu. Ni na ƙara da sulken ƙirji da kafaɗa. Hular kada a saye ta gwanjo, domin tsagewar ciki ba a ganinta. Feda kuma a fara da shimfiɗaɗɗe mai 'yan ƙusoshi. Mai kama takalmi yana ƙara ƙarfi a ƙofa, amma yana ɓoye rashin iya dannawa, kuma idan aka faɗi da keken ake tafiya.

To wanne? Wanda ya taso a kan ƙaramin keke, ko bai kai shekara 30 ba, ko burinsa ya iya tsalle da ɗaga gaba ya hau matakan gasa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki mai inci 20 da firam daidai tsawonsa, ya ba shi wata shida kafin ya yanke masa hukunci. Gajeren mutum ma nan ya fi masa. Amma irina, wanda ya koyi keke ta ƙarƙashin sandar Raleigh ko a kan Phoenix na haya, ya haura 35, kuma akwai masu jiran ya dawo gida da ƙafafunsa, kuruza nake ba shi shawara ba tare da wani jinkiri ba. Abin da yake korar manya daga wasan nan ba rashin gudu ba ne, tsoro ne bayan faɗuwar farko, kuma keken da ya bar ka kana dawowa kowane mako shi ne zai koya maka. Kafin saye dai a yi aron duka biyun aƙalla sau uku-uku, kulob da yawa suna da na aro.

Ni kuruza na saya, na gwanjo, firam ɗin alminiyam mai ɗan ƙarzuwa a gefen sarƙa. Mai inci 20 kuma ina aronsa ranar atisayen tsakiyar mako don ya riƙa gyara mini hannu. Daren da na kawo nawa gida na juya shi a kan sirdi a tsakar kicin, na ɗauko tsumma na fara goge wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya. Ɗana ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Baba, ai fesa masa ruwa ake yi." Na miƙa masa wani tsumman na ce ya kama tayar baya.